Mazan da ba sa magana: muhawara kan gajerun labaran su Hemingway, Joyce da Mansfield

Nafi'u: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da ƙorafi kan karatun wannan makon. Tun kafin a buɗe tattaunawa kan "Soldier's Home", gajeren labarin Hemingway, na ga wasu sun fara cewa wai marubutan sabon salo na farkon ƙarni na 20 ba abin da suka iya sai mayar da namiji abin tausayi. Ni ban ga abin tausayi a jikin Krebs, tauraron labarin, ba. Mutum ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo garinsu a Oklahoma a 1919, bai kai wa kowa kuka ba, bai nemi a rarrashe shi ba. Abin da ya gani ya haɗiye. In wannan ba mazantaka ba ce, a faɗa min mece ce.

Bilkisu: Wa alaikumus salam. Nafi'u, ka kai ƙarshen labarin kuwa, ko a tsakiya datarka ta ƙare? Ƙato ne da yake barci har rana ta take, ya tashi ya zauna a baranda yana kallon 'yan mata suna wucewa. Yana son ya samu ɗaya, amma ba ya son wahalar buɗe baki ya yi mata magana. Uwarsa ta tambaye shi ko yana ƙaunarta, ya ce a'a, shi ba ya ƙaunar kowa. Da ta fashe da kuka sai ya koma yana lallaɓa ta da ƙarya. Ta ce su durƙusa su yi addu'a, ya ce ba zai iya ba. Wannan kake kira jarumi?

Nafi'u: Anti, ai gaskiya ya faɗa mata. Ba kowa ke iya wannan ba.

Malam Habibu: Nafi'u, koma shafin farko ka sake dubawa. Ba haɗiyewa ya yi don ransa ya so ba. Ya dawo a makare, an riga an gama kiɗa da rawar tarbar sojoji, gari ya ƙoshi da labarin yaƙi. Da farko bai son maganar, daga baya ya ji yana bukatar ya amayar, sai ya tarar ba mai sauraro. In yana so a saurare shi sai ya ƙara gishiri, ya ɗauki abin da ya faru da wasu ya jingina wa kansa. Da ya yi haka sau biyu sai abin ya fara ba shi tashin zuciya, har ainihin abin da ya yi a fagen daga ya fita a ransa. Shirun nasa daga nan ya samo asali. Gari ne ya tanadi irin labarin da yake so namiji ya dawo da shi, wanda bai zo da irinsa ba kuwa sai ya ja bakinsa.

Maman Walida: Malam, don Allah a ɗan yi wa irinmu shimfiɗa. Me ya sa kusan duk labaran da kuka jera mana na waɗannan shekaru maza ne a ciki kamar an zare musu laka?

Malam Habibu: To Hajiya. Kafin 1914 abin da ake koya wa yaro a makarantun Ingila shi ne namiji ba ya nuna damuwa, yana yi wa sarki da ƙasa hidima, in mutuwa ta zo ya tare ta a tsaye. Da yaƙi ya ɓarke har ƙungiya aka kafa a watan Agustan 1914, mata suna bin titi suna miƙa wa duk saurayin da ba ya cikin kaki farin gashin tsuntsu, alamar shi matsoraci ne. Samari suka tafi da tunanin za a yi gaba da gaba. Abin da suka tarar rami ne da taɓo, da igwar da ke aiko da wuta daga inda ido ba ya kaiwa. A ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yulin 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Jarumi da rago duk mutuwa iri ɗaya suka yi, harsashin bai tambaya ba.

Waɗanda suka tsira kuma da yawa sun dawo jiki na karkarwa, wasu harshe ya ɗauke, wasu sun makance alhali ba abin da ya taɓa idon. A 1915 wani likita mai suna Charles Myers ya yi rubutu kan wannan gigitar a mujallar Lancet, kuma kafin a gama yaƙin rundunar Birtaniya ta ga masu ita kimanin 80,000. A da mata ake jingina wa irin wannan ciwo. Kwatsam sai ga shi a jikin hafsoshi. Wasu ba a yarda ciwo ne ba ma: sojoji 306 da aka harbe bisa laifin tsoro ko gudu daga fagen daga sai a 2006 aka yi musu afuwa. A gida kuma mata sun karɓi ayyukan masana'antu da na sufuri, a 1918 aka ba wa wasu daga cikin waɗanda suka haura shekara 30 damar jefa ƙuri'a. To marubucin da ya tashi a cikin wannan, ta yaya zai zauna ya rubuta jarumin da yake sare kawuna ya dawo ya auri gimbiya?

Kawu Isa: Malam ya tuna min. Mutanenmu ma ai sun shiga wannan yaƙin. Rundunar da Ingila ta tara a nan ta yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka kuma kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka. A Yaƙin Duniya na Biyu aka kai su Bama (Burma). Mun taso mun tarar da ragowar 'yan Bama a unguwa, mazan jiya, wani ba ya son a buga ƙofa da ƙarfi, wani sai ya yi ta fareti shi kaɗai yara na binsa suna dariya. Ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su. Shi ya sa da na karanta Krebs ban ji shi baƙo ba.

Rabi Damagaram: Haka ne Kawu, mu ma ta ɓangarenmu Faransa ta kwashi nata.

Maman Walida: Amma Malam, ni yaƙin bai gamsar da ni gaba ɗaya ba. Littafin James Joyce ɗan ƙasar Ailan, *Dubliners*, a 1914 ya fito, kuma an rubuta labaran shekaru kafin nan. Ba igwa ba rami, amma ban taɓa karanta namijin da ya karye irin Farrington na "Counterparts" ba. Bari in warware wa waɗanda ba su karanta ba.

Akawu ne mai kwafar takardu a ofishin lauyoyi a Dablin. Ƙato, jibgege. Maigidansa Alleyne kuwa ɗan tsurut ne mai sanƙo, wanda da hannu ɗaya Farrington zai iya ɗaga shi. Amma shi ke kiransa sama ya wanke shi tas, shi kuwa sai "to, ranka ya daɗe". Da yamma, a gaban wata mata mai hulɗa da ofishin, Alleyne ya tambaye shi ko wawa ya ɗauke shi, sai bakin Farrington ya suɓuce ya ba shi amsa mai gatse. Aka tilasta masa ya ba da haƙuri. Ya fita ba ko sisi, ya jinginar da agogonsa a kan sule 6, ya shiga mashaya yana ba abokai labarin yadda ya yi wa oga, kowane zagaye labarin na ƙara kumbura, shi ke sayen abin sha. Can sai aka haɗa shi gwajin ƙarfin hannu da wani siririn yaro ɗan wasan tsalle-tsalle da alkafura daga Ingila. Yaron ya kwantar da hannunsa har sau biyu a gaban jama'a. Abu ɗaya da ya rage masa kenan, ƙarfin damtse, shi ma ya tafi.

Ya koma gida da kwabo 2 a aljihu, ko buguwar da ya nema bai samu ba. Matar ta tafi coci. Ƙaramin ɗansa Tom ya sauko zai ɗumama masa abinci, sai ga wuta ta mutu a murhu. Ya ɗauki sanda. Yaron na ihu yana cewa kada ya dake shi, zai yi masa addu'a in ya ƙyale shi. A nan Joyce ya ajiye alƙalami. Bai ce Farrington mugu ne ba, bai ce a tausaya masa ba. Ya dai bar ka ka bi marin da idonka tun daga bene na ofis har ya sauka a cinyar yaro.

Bilkisu: Kin gama magana. Kuma lura da wanda ke sama: Alleyne da karin harshen arewacin Ailan yake magana, yaron da ya kayar da shi Ba'ingile ne. Ƙasar kanta a ƙarƙashin mulkin Landan take a lokacin. Duk inda Farrington ya juya akwai wanda ya fi shi, sai a cikin ɗakin girkinsa.

Nafi'u: To ai wannan mashayi ne. Ba za a ɗauki mashayi a ce shi ne hoton maza ba.

Malam Habibu: Shi ya sa Joyce bai tsaya a kansa ba. A "A Little Cloud" mutumin kirki ne, Chandler, mai kunya, mai son waƙa, ko ɗaga murya ba ya yi. Ya haɗu da tsohon abokinsa da ya zama ɗan jarida a Landan, ya ji kansa ƙarami, ya dawo gida ya daka wa jaririnsa tsawa. Sanda ce kawai babu. A "The Dead" kuma Gabriel ne, mai ilimi, wanda ake ba wa wuƙar yanka nama da jawabin walima. Daren nan ya shiga ɗakin otal yana ji da kansa a matsayin miji, sai matar ta ba shi labarin wani yaro ɗan shekara 17, Michael Furey, da ya tsaya cikin ruwan sama don ya gan ta alhali ba shi da lafiya, ya kuma mutu. Gabriel bai doki kowa ba. Ya zauna ne ya gane shekarun nan duka akwai ɗaki a zuciyar matarsa da bai taɓa sanin da shi ba. A cikin mazan littafin shi ne kusan kaɗai ya iya kallon kansa.

Gyaran Hajiya kuwa na karɓa rabi. Tsagewar ta riga yaƙin: aikin ofis, birni, albashi, mutum ya wuni yana kwafar kalmomin wani. Yaƙin ya zo ya buɗe ta ne yadda ba mai iya rufewa.

Rabi Damagaram: Tunda an zo maganar albashi, ni da Faransanci na karanta Kafka, labarin Gregor Samsa na 1915. Kowa abin da yake riƙewa shi ne mutum ya farka ya ga ya zama ƙwaro. Ni abin da ya tsaya min shi ne tunaninsa na farko: jirgin ƙasa ya wuce shi, me zai ce wa maigida. Shi ke ciyar da gida, yana biyan bashin iyayensa, shekara 5 bai taɓa fashin aiki don ciwo ba. Uban kuwa ya zama tsoho mai wuni a kujera cikin rigar barci. Ranar da Gregor ya daina kawo kuɗi, sai ga uban ya miƙe, ya samu aikin masinja a banki, ya sa yunifom mai maɓallan zinariya, ko a gida ba ya cirewa. Shi ya jefe shi da tuffa har ɗaya ta nutse a bayansa ta ruɓe a can. Kamar mazantakar gidan guda ɗaya ce tak, in tana wuyan ɗa to uba ba shi da ita. Kuma daga baya ta bayyana uban yana da ɗan abin da ya ɓoye, wahalar Gregor ba ta kai dole yadda ya zata ba.

Usman Kumasi: Wannan ya taɓa ni, Anti Rabi. Duk wanda yake aika kuɗi gida ƙarshen wata ya san wannan tsoron.

Bilkisu: Ni fa a wurina ba namijin da ya rubuta maza kamar yadda mace ta rubuta su. Katherine Mansfield, 'yar New Zealand. Ƙaninta Leslie ya mutu a 1915 a Beljiyam, gurneti ya tashi a hannunsa yana koyar da sojoji. A 1922 ta fitar da "The Fly", shafi kaɗan ne, ku nema.

Wani attajiri ne a ofishinsa a Landan, ko suna ba ta ba shi ba, oga kawai. Tsohon abokinsa da shanyewar jiki ta kayar ya kawo masa ziyara, oga yana ta nuna masa sabon kafet da sabbin kujeru, yana jin daɗin cewa ya girme shi amma shi har yanzu garau yake. Sai tsohon ya ce af, 'ya'yansa mata sun je Beljiyam ziyarar kabarin ɗan'uwansu, sun ga na ɗan oga a kusa. Ɗa ɗaya tilo, wanda don shi aka gina kamfanin, shekara 6 da mutuwa. Baƙo ya tafi. Oga ya ce wa masinja kada a bar kowa ya shigo har rabin awa. Ya rufe ƙofa, ya rufe fuska da hannu, ya shirya zai yi kuka. Ku ji fa, kuka ma sai da ya yanka masa lokaci kamar taron hukumar kamfani. Hawaye suka ƙi zuwa.

Sai ya ga ƙuda ya faɗa cikin kwalbar tawada. Ya tsamo shi da bakin alƙalami ya ɗora a takarda. Ƙudan ya yi ta goge fiffike da ƙafafu har ya bushe, yana shirin tashi, oga ya ɗiga masa tawada. Ya sake gogewa. Oga yana yaba masa a ransa, yana cewa haka ake so, ba a karaya. Ya sake ɗigawa. A ɗigo na uku ƙuda bai motsa ba. Ya jefa shi kwandon shara, wani irin ƙunci ya rufe shi, ya danna ƙararrawa ya yi wa masinja tsawa ya kawo sabuwar takarda. Da ya zauna ya nemi tuna abin da yake tunani kafin ƙudan, ya kasa.

Kalmomin da yake ƙarfafa wa ƙudan gwiwa da su, su ne dattawan Ingila suka raka 'ya'yansu tashar jirgi da su. Wannan ne Nafi'u yake kira haɗiyewa.

Nafi'u: Anti kin matsa min. To na ji, Mansfield tona asiri take yi, Joyce ma haka. Amma Hemingway daban ne, kuma a kansa na fara magana. Mutumin da ya tafi Italiya yana ɗan shekara 18 yana tuƙa motar ɗaukar masu rauni, aka ji masa ciwo a 1918, ya yi dambe, ya yi farauta. Littafinsa na 1927 ma *Men Without Women* ya sa masa. Ba zai zauna yana yi wa maza dariya ba. Ku karanta labarin Francis Macomber na 1936. Mutum ya gudu daga zaki a gaban matarsa, ta raina shi, har ta kwana a tantin maharbin da ke musu jagora. Washegari ya tsaya gaban ɓauna bai gudu ba, ya ji tsoro ya fita daga ƙirjinsa. Marubucin ƙarara yake nuna a nan ne ya zama mutum.

Bilkisu: Ya zama mutum na minti nawa? Matar ta harbe shi a ka daga cikin mota. A nan kam na yarda da kai, kuma shi ya sa ba na son labarin. Hemingway ya gaskata abin. Mace a wurinsa ko ta zama mai jinya ko ta zama mai kisa.

Malam Habibu: A hankali dai, Bilkisu. Labarin bai yanke cewa da gangan ta yi ba, cewa ya yi ɓaunar ta harba lokacin da take dab da tunkuyinsa. Wanda ya ɗora mata laifin kisa shi ne maharbin, Wilson, kuma shi yana da abin da yake tsoron ta tona, don sun kori ɓauna da mota, wanda doka ta hana. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan harbin.

Usman Kumasi: Ni ba harbin ne ya dame ni ba. Ku duba su wa ke tsaye a gefe. Labarin a Gabashin Afirka yake. Akwai masu ɗaukar bindiga, akwai masu dafa abinci, akwai yaran tanti. Su ake turawa cikin ciyawa neman zakin da aka raunata, ba su da zaɓin gudu. Wilson ya ga wani yaro yana kallon Macomber bayan abin kunyar, ya yi masa barazanar bulala 15, ya kuma faɗa da bakinsa cewa doka ta hana amma yana yi. Bature ya biya kuɗi ya zo ƙasar mutane ya gwada ko shi namiji ne, waɗanda suke fuskantar zakin don abincinsu kuma ba a lissafa tasu jarumtar. Nafi'u, a labarin nan ni da kai ba Macomber ba ne, mu ne masu riƙe bindiga.

Kawu Isa: Usman, Allah ya yi maka albarka.

Malam Habibu: Abin da zan ce kan Hemingway shi ne, mutumin da ke hoton jarida da kifi ko zaki a gabansa daban, mai rubuta labaran 1925 daban. Na biyun ya fi na farkon gaskiya. Ku ɗauki "Big Two-Hearted River". Nick ya sauka daga jirgi a garin da gobara ta cinye, har fārin wurin sun koma baƙaƙe. Ya yi tafiya, ya kafa tanti, ya buɗe gwangwani ya ɗumama, ya dafa kofi, ya kama kifi. Shi kenan labarin. Ba a ambaci yaƙi ko sau ɗaya ba. Amma yadda yake bin kowane ƙaramin aiki daki-daki, kamar in ya tsallake ɗaya wani abu zai kufce masa, shi ke gaya maka mutumin nan da ƙyar yake riƙe da kansa. Da babban kifi ya tsinke masa zare sai da ya zauna don jikinsa na rawa. Akwai fadama a gaba inda ruwa ke da zurfi da duhu, ya ce ba yau ba.

Shi da kansa ya bayyana dabarar a 1932, ya kwatanta rubutu da dutsen ƙanƙara a teku wanda kashi ɗaya cikin takwas kawai ke sama. To ku haɗa biyun. Gajeren labari irin na wannan zamani ba ya bayani, ba ya yanke hukunci, yana tsayawa kafin a warware. Namijin da suke rubutawa shi ma ba ya bayani. Salon da mutumin sun dace da juna, shi ya sa nake ganin a gajeren labari aka fi kama shi fiye da a dogon littafi. Haɗarin kuma shi ne mai karatu ya ga saman kawai ya ɗauka yabo ne.

Bilkisu: Malam yana nufin Nafi'u.

Malam Habibu: Ban kama suna ba. Akwai kuma "Indian Camp", inda likita ya tafi da ɗansa Nick ya karɓi haihuwa, ya yi wa matar tiyata da wuƙar aljihu ba maganin kashe zafi, ya ce wa yaron ihunta ba shi da muhimmanci. Ya gama yana alfahari, ya ɗaga bargon mijin da ke kwance a gadon sama, sai ya tarar ya yanka wuyansa. Maza biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya toshe kunne, ɗaya ya kasa. Mahaifin Hemingway likita ne, ya kashe kansa a 1928, shi ma ɗan haka ya yi a 1961. Ba na son a karanta labari da tarihin mai shi kawai, amma wanda ya rubuta wannan ya san kuɗin da ake biya.

Maman Walida: Ba wanda ya ambaci D. H. Lawrence, marubucin Ingila. "Tickets, Please" ya ba ni dariya kafin ya ba ni tsoro. Lokacin yaƙi ne, 'yan mata ne kwandastocin taragun cikin gari. Wani sufeto, John Thomas, yana yaudararsu ɗaya bayan ɗaya tunda maza sun yi ƙaranci. Suka haɗa baki suka kulle shi a ɗakin jira na tasha, suka ce sai ya zaɓi ɗaya, suka yi masa dukan kawo wuƙa har suka yayyaga masa kaya. Da ya zaɓi Annie, wadda ta shirya abin, ta ce ba ta so. Ya ɗauki hularsa ya fita, su kuma suka tsaya cirko-cirko ba mai murna.

Bilkisu: Lawrence tsoron matan yake ji, ko'ina a labarin ana jin haka. Amma aƙalla bai ɓoye ba.

Usman Kumasi: In an ƙyale ni in ƙara biyu daga Amurka, don a can launin fata ya shiga cikin lissafin. A "Dry September" na Faulkner, 1931, jita-jita ta tashi a shagon aski cewa wani baƙar fata, Will Mayes, ya taɓa wata Baturiya. Ba wanda ya san ko ya faru. McLendon, tsohon hafsan da ya yi yaƙi a Faransa, ya shigo ya ce duk mai jin shi namiji ne ya taso a kare mata. Suka tafi da Mayes, ba a sake ganinsa ba. Mai kare matan nan ya koma gida tsakar dare ya tarar matarsa ta jira shi, ya mare ta ya hankaɗe ta kan kujera.

Na biyun na Richard Wright ne, kan Dave, ɗan shekara 17 mai aikin gona a kudu, inda ko tsoho ne baƙar fata "yaro" ake ce masa. Ya ƙudurta in ya mallaki bindiga za a daina raina shi. Ya sayi tsohuwa a dala 2, ya rufe ido ya harba, ya kashe alfadarar mai gonar. Aka taru aka yi masa dariya, aka yanka masa bashin dala 50. Da dare ya haƙo bindigar ya harbe sauran harsasan, ya ɗare jirgin kaya da ita fanko a aljihu.

Nafi'u: To Yaya Usman, shi Dave me kuke so ya yi? Ya zauna ya yi shekara biyu yana biyan kuɗin alfadara ana ce masa yaro? Kuna ta nuna min inda abin ya ɓaci, na gani. Farrington azzalumi ne, McLendon ya fi shi. Amma Nick da ya kafa tantinsa ya dafa kofinsa bai doki kowa ba. In mutum ya ga abin da ya gani kuma ba mai sauraronsa, riƙe kai ɗin nan shi ne abin da ya rage masa. Ban yarda a haɗa shi da mai sanda a kwando ɗaya ba.

Bilkisu: Bai doki kowa ba don ba kowa a dajin. Ka kawo shi gida ka ba shi mata da 'ya'ya biyar da oga irin Alleyne, sannan mu yi magana.

Malam Habibu: Wannan kuma zato ne, Bilkisu, labarin bai ba ki shi ba. Nafi'u yana da hujja a nan.

Maman Walida: Ni abin da ya fi damuna na gida ne. Mu masu rubutu a waya mun cika labaranmu da miskilin namiji: kyakkyawa, mai kuɗi, ba ya dariya, ba ya magana, kowa na shakkarsa, sai yarinya ta zo ta narkar da shi a babi na 40. Shirunsa ado ne, ba mu taɓa tambayar me ya cinye ba ko wa ke biyan kuɗinsa a gidan. Na gwada rubuta magidanci da aka sallama daga aiki, kullum ya sa kaya ya fita da safe don kada iyali su sani, ya dawo ya hau yara da faɗa kan an bar fitila a kunne. Ban bayyana komai ba, na bar shi haka. Masu karatu suka cika min akwati: Anti, shi mugu ne ko na kirki? A faɗa mana mu san wanda za mu tsana.

Rabi Damagaram: Me kika ce musu?

Maman Walida: Na ce su tambayi yaran.

Nafi'u: Anti ki turo min shi ta akwati in karanta. Amma tun yanzu ina faɗa, in mutumin nan yana fita neman wani aikin ne, ina bayansa.

Bilkisu: Ba neman aiki yake ba, a tashar mota yake wuni. Na karanta.

Nafi'u: Duk da haka a turo.